Yadda Ake Koyon Zane Daga Tushe: Layi, Inuwa, Nisa da Launi

Duk hoton da hannu ya zana, na jikin ginshiƙan gadar Falomo ne ko na cikin gidan zane na Nike da ke Lekki a Legas, da abubuwa bakwai aka haɗa shi: layi, siffa, haske da duhu, ƙirar jiki, kaushi da santsi, fili, sai launi. Wanda ya san su ɗaya bayan ɗaya zai iya tsayawa gaban kowane zane ya faɗi abin da ya gyara shi da abin da ya ɓata shi.

Mu da muka taso a gidajen Hausawa muna da rabin wannan ilimi tun kafin mu riƙe fensir. Zayyanar allo, aska takwas a gaban babbar riga, zanen lalle, dagin Arewa, sassaƙen ƙwarya, duk aikin layi ne da siffa, kuma idonmu ya saba da su. Abin da ba a saba koya mana ba shi ne yadda haske ke sauka a jikin abu, da yadda ake nuna nisa a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda. A nan zan fi daɗewa. Wanda yake ƙauracewa zana abu mai rai kuma ya kwantar da hankalinsa, domin da buta da kofi da gwangwani za a yi dukkan aikin nan.

Kayan aiki

Ka nemi fensir uku: HB, 2B da 6B. Harafin B baƙi yake nufi, wato fensir mai laushi, kuma yadda lambar ta ƙaru haka baƙin ke ƙaruwa. Ka haɗa da kilina, reza, farar takarda A4 mai yawa, da guntun gawayi, ko na murhun mai suya ne. Fenti sai an zo mataki na 7: na ruwa irin na 'yan makaranta, kala biyar, ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi, da burushi biyu, babba da ƙarami. Ana samun su a shagunan littattafai na CMS da na Yaba. Abu ɗaya da ya kamata mazaunin Legas ya kiyaye shi ne danshi. Da damina takarda kan sha laima ta yi laƙwas, fensir ya ƙi kama ta da kyau, don haka ka riƙa ajiye ta cikin leda a ɗaure.

Mataki na 1: Layi

Ka saki riƙon da kake yi wa biro. Ka kama fensir daga can baya, ka ɗaga gwiwar hannu daga tebur, motsin ya riƙa fitowa daga kafaɗa. Ka cika shafi da miƙaƙƙun layuka ba tare da rula ba, na kwance, na tsaye, na karkace. Shafi na biyu na lanƙwasassu ne da masu zigizaga. A shafi na uku ka ja layi ɗaya kana dannawa kana sassautawa, ya yi kauri a wani wuri ya sirance a wani. Wanda ya taɓa rubutu da alƙalamin gamba ya san daɗin wannan, domin haka harafi ke fita a allo.

Daga nan ka ajiye takalminka a gabanka. Ka kafa ido a gefensa, ka bi shi a hankali, hannu na bin ido, ba ka duba takardar ba kuma ba ka ɗaga fensir ba. Abin da zai fito zai karkace, kuma haka ake so. Amfaninsa shi ne ya raba ka da zana takalmin da ke cikin kanka, ya sa ka zana wanda ke gabanka.

Ka lura kuma cewa kowane layi da halinsa. Na kwance natsuwa yake kawowa, dubi bakin teku. Na tsaye ƙarfi yake nunawa, dubi hasumiyoyin Babban Masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe. Na karkace shi ne mai motsi, shi ya sa wayoyin lantarkin da suka sarƙe a saman layukan Agege ke sa ido ya kasa zama wuri ɗaya.

Mataki na 2: Siffa

Idan layi ya zagayo ya haɗu da mafarinsa, an sami siffa. Da'ira, murabba'i da alwatika su ne iyaye, sauran duk daga jikinsu suke. Kafin ka zana komai, ka fara rarraba shi zuwa waɗannan da layi marar nauyi. Danfo, motar hayar Legas mai launin rawaya, dogon murabba'i ne da da'ira biyu a ƙasa. Buta da'ira ce da aka ɗora wa wuya, aka manna mata siririyar alwatika a gefe.

Ga yadda ake awo. Ka miƙe hannu gaba ɗaya riƙe da fensir a tsaye, ka kashe ido ɗaya, ka daidaita tsinin fensir da saman butar, ka sa babban yatsa daidai gindinta. Ka kwantar da fensir ɗin ba tare da ka motsa yatsan ba, ka ga faɗinta nawa ne a cikin tsayin. Kada ka lanƙwasa gwiwar hannu a tsakani, in ka yi haka awon ya tashi.

Akwai kuma siffar da ido ba ya kulawa da ita, wato ta sararin da ke tsakanin abubuwa. Ka ɗauki kujerar roba, kada ka zana kujerar, ka zana ramukan da ke tsakanin ƙafafunta da na jikin majinginarta, ka cike su da baƙi. Kujerar za ta fito da kanta, fara, kuma sau da yawa ta fi wadda za ka zana kai tsaye daidaituwa. Dagin Arewa ma haka yake, ƙananan filayen da ke tsakanin igiyoyinsa su ne ke riƙe da kyansa. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, nan take ido zai gane.

Mataki na 3: Haske da duhu

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a ganina wanda ya tsallake shi bai fara ba. Kusan shekara dubu da suka wuce, Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar da cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido. Ga mai zane ma'anar wannan a fili take: abin da ke isowa idonka haske ne, mai yawa daga wani ɓangare, kaɗan daga wani. A jikin ƙwai babu wani baƙin layi da ya zagaye shi. Akwai wuri mai haske da ya yi iyaka da wuri mai duhu, shi ke nan.

Ka fara da tsani. Ka zana akwatuna biyar a jere. Na farko ka bar shi fari fat, na biyar ka cike shi da 6B har ya yi baƙi ƙirin. Na uku ya zama ruwan toka daidai tsakiya, sannan ka cike na biyu da na huɗu. Sharaɗin shi ne tazarar da ke tsakanin kowane akwati da na kusa da shi ta zama ɗaya. Ya fi yadda ake zato wuya. Yawancin masu koyo tsoron baƙi suke yi, sai su tsaya a akwati na uku, zanensu ya fito dishi-dishi kamar an wanke shi. Idan biyar sun zauna, ka ƙara su zuwa tara.

Hanyoyin cikewa uku ne. Ko ka jera siraran layuka kusa da juna, ko ka giciye su da wasu don ƙara duhu, ko ka kwantar da gefen fensir ka shafa sannan ka murza da nannaɗaɗɗiyar takarda. Ban so a murza da yatsa, musamman a zafin Legas, domin gumi da maiƙon hannu suna barin tabon da kilina ba ta cirewa.

Yanzu ka shiga ɗaki da dare, ka kashe fitila. In an ɗauke wuta ma an sauƙaƙa maka. Ka ɗora ƙwai a kan farar takarda, ka kunna tocilar waya ka jingine ta daga gefe ɗaya, sama kaɗan. Ka zauna ka kalli ƙwan na ɗan lokaci kafin ka taɓa fensir. Za ka ga wurare biyar. Akwai ɗan tabon da hasken ya buga kai tsaye, shi ne mafi fari. Kewaye da shi akwai tsaka-tsaki, inda jikin ƙwan ya fara juya wa hasken baya. Daga nan sai wata ɗamara mai duhu, kuma ka lura da kyau, ba a can bakin gefe take ba, tana ɗan ciki. Bayanta, dab da gefe, akwai wani haske mai rauni wanda farar takardar ta mayar wa ƙwan. Na biyar ita ce inuwar da ta kwanta a ƙasa, wadda ta fi duhu daidai inda ƙwan ya taɓa takarda, tana dusashewa yadda take nisa.

Wancan haske mai rauni shi ne ke sa ƙwai ya zama mulmulalle a takarda. Amma a yi hattara, kada a bar shi fari. Yana cikin yankin inuwa ne, saboda haka dole ya fi kowane sashe na ɓangaren haske duhu. Nan ne na fi ganin zane yana lalacewa a hannun masu koyo: sai su ga hasken, su yi murna, su goge wurin da kilina har ya yi fari, ƙwan ya koma kamar na ƙarfe.

Dabaru biyu za su taimake ka. Ka ƙanƙance ido har abin da kake kallo ya rasa ƙananan bayanansa, ya rage manyan faci na haske da duhu, su za ka fara sawa. Sannan ka ɗauki hoton abin da wayarka, ka ɗauki na zanenka, ka mayar da su biyun baƙi da fari, ka jera su. Inda ka ji tsoron duhu zai bayyana.

Idan a waje za ka yi aiki, ka zaɓi lokaci. Legas tana kusan digiri 6 da rabi ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana rana tana bisa kai, inuwa ta taƙure a ƙarƙashin abu. Ka fita da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da inuwa ta miƙe ta fito da ƙirar komai.

Mataki na 4: Ƙirar jiki

Siffa a shimfiɗe take, tsawo da faɗi kawai. Idan ta sami kauri ta zama jiki: da'ira ta zama ƙwallo, murabba'i ya zama akwati, alwatika ta zama mazurari, dogon murabba'i ya zama gwangwani. Ka nemo lemo, kwalin sukari, mazurari da gwangwanin madara, ka yi wa kowanne abin da ka yi wa ƙwai. A jikin kwali duhu yana sauyawa farat ɗaya a kan kusurwa, kowace fuska da nata. A jikin gwangwani kuwa a hankali yake narkewa.

Bakin kofi shi ne jarrabawa. Ka san da'ira ne, amma daga inda kake zaune ba da'ira kake gani ba, siffar ƙwai ce a kwance. Ka ɗaga kofin zuwa saitin idonka, bakin zai zama miƙaƙƙen layi. Ka sauke shi a hankali, ka ga yana buɗewa. Saboda haka gindin kofi, da yake ya fi bakinsa nisa da saitin ido, ya fi shi lanƙwasa. Kuma gefunan wannan siffa ba su da tsini, a zagaye suke.

Ina ba da shawara ka taɓa ƙira da hannunka, ka mulmula yumɓu ko ka sassaƙa sabulu da reza. Ka kuma je gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ka ga kawunan Nok na gasasshen yumɓu. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a ƙauyen Nok, a Jihar Kaduna ta yanzu. Ka dubi yadda maginan suka yi ido da alwatika suka huda ƙwayarsa, ramin ya tara duhu, fuskar ta zama tana kallonka.

Mataki na 5: Kaushi da santsi

Wannan ba ya cin lokaci. Ka ɗora takarda a kan tabarma, ka goga gefen 6B a kai. Ka yi haka a kan faifai, buhu, katako da bangon siminti. Sannan a gefen kowanne ka kwaikwayi abin da ya fito da hannunka, da ɗigo-ɗigo, gajerun layuka ko saƙa. Abu mai santsi kamar butar silba haskensa da duhunsa suna maƙwabtaka da kaifi, mai kaushi kuma haskensa a warwatse yake. Ba sai ka cika jikin abu duka da kaushi ba, ka nuna shi inda haske da inuwa suka haɗu, ido zai ƙarasa sauran. Mai son ganin inda wannan fanni ya kai ya nemi ayyukan Bruce Onobrakpeya, wanda ya daɗe yana koyar da zane a kwalejin St Gregory da ke Obalende.

Mataki na 6: Fili da nisa

Takarda ba ta da zurfi, kai ne za ka sa ido ya ga zurfin. Mafi sauƙin hanya ita ce abu ya kare wani, wanda ya kare shi ne a gaba. Sai girma: na kusa babba, na nesa ƙarami. Sai wuri: abin da ke ƙasa, yadda ya yi nisa haka gindinsa ke hawa sama a takarda.

Hanya ta huɗu sai ka hau gadar Third Mainland za ka gan ta sosai. Daga tagar mota ka dubi gidajen katakon Makoko da ke kusa, duhunsu da kaifinsu, sannan ka ɗaga ido zuwa dogayen benayen tsibirin Legas. Sun yi fari-fari, sun karkata zuwa shuɗi, gefunansu sun dushe. Tururin ruwa da ƙurar da ke cikin iska ne ke warwatsa haske tsakaninka da su, kuma a Disamba da Janairu, lokacin hazo, abin ya fi fitowa. A zane, ka ajiye 6B don na gaba, 2B don na tsakiya, HB marar nauyi don na can baya.

Ta biyar ita ce ta haɗuwar layuka, wadda magini Filippo Brunelleschi ya nuna a birnin Fulorans na Italiya a farkon ƙarni na 15. Ka tsaya a kan gadar masu tafiya da ƙafa ka dubi miƙaƙƙen titi, ko ka dubi layin dogon da ya ratsa Agege daga wuri mai aminci, ba daga kan dogon ba. Gefuna biyun ba su taɓa haɗuwa a ƙasa, amma a ido suna matsowa har su haɗu a ɗigo ɗaya. Ka ja layi a kwance a takarda, shi ne saitin idonka. Ka sa ɗigo a kansa. Duk layin da ke tafiya nesa da kai, na gefen titi, na rufin shaguna, na kan turakun lantarki, ka ja shi da rula zuwa wannan ɗigo. Na sama da idonka suna gangarowa, na ƙasa suna hawa. Layukan tsaye kuwa suna nan a tsaye.

Kuma ka bar wa zane wurin shan iska. Mun saba da ado mai cika ko'ina, a hula da bangon gida, kuma yana da kyau a muhallinsa. A hoto kuwa, filin da ka bari babu komai shi ne ke nuna wa ido inda zai sauka.

Mataki na 7: Launi

Da gangan na ajiye shi a baya, duk da shi kowa ke ɗoki. Launi kamar aikin wuya yake a riga, in tela ya ɓata yanka, kyan zare ba zai gyara ta ba.

Ka zana da'ira ka raba ta shida. Ka sa ja, rawaya da shuɗi, kana tsallake gida ɗaya a tsakaninsu. Ja da rawaya su ba ka ruwan goro, rawaya da shuɗi su ba ka kore, shuɗi da ja su ba ka shunayya. Kullum ka fara da launi mai haske, ka riƙa ɗiga mai duhu kaɗan-kaɗan, in ka juya za ka ƙarar da rawayanka ba ka kai ga koren da kake so ba. In shunayyarka ta fito kamar laka, janka ne ya karkata zuwa ruwan goro, ka nemi ja mai ɗan ruwan hoda. Fentin ruwa yana sauya kama idan ya bushe, saboda haka ka gwada a guntuwar takarda tukuna, kuma da damina ka ba shi lokaci kafin ka ɗora wani a kai.

Launukan da ke fuskantar juna a da'irar nan abokan hamayya ne: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. A jere suna ƙara wa juna ƙarfi, kuma 'yan gwari na kasuwar Mile 12 sun san haka a aikace, domin tumatir bai taɓa yin ja irin na lokacin da yake kusa da koren ganye ba. A gauraye kuma suna kashe juna, su ba da ruwan ƙasa ko ruwan toka. Wannan shi ne sirrin inuwa mai launi. In za ka yi ɓangaren danfo da ke cikin inuwa, kada ka sa baƙi a rawaya, kore mai datti zai ba ka. Ka ɗiga shunayya.

Ja, ruwan goro da rawaya masu ɗumi ne, suna matsowa gaba. Shuɗi da kore masu sanyi ne, suna ja da baya. Kada ka zuba duka a hoto ɗaya. Marigayi Yusuf Grillo, haifaffen Legas da ya yi karatun zane a Zariya, ya kuma shugabanci sashen zane na kwalejin fasaha ta Yaba, yawancin manyan ayyukansa da shuɗi da shunayya ya yi su. Abin da ke riƙe da su shi ne yadda ya jera mai haske da mai duhu a cikin launi ɗaya. Ka gwada: shuɗi, fari da ɗan baƙi kawai, ka sake zana ƙwan nan.

Mataki na 8: Haɗa su wuri ɗaya

Ka jera kayan mai shayi a kan tebur kusa da taga: buta, kofi, gwangwanin madara da biredin Agege. Wani ya ɗan kare wani, kada su tsaya a sahu. Ka yi ƙananan zane uku ko huɗu, kowanne bai fi tafin hannu ba, da duhu hawa uku kawai, kana sauya inda ka ajiye butar. Kada ka dasa ta a tsakiya cif, ka matsar da ita gefe kaɗan. Ka zaɓi wanda ya fi kwanta maka.

A babbar takarda ka fara da manyan siffofi da HB, ka auna, ka gyara tun layin bai yi nauyi ba. Ka duba bakin kofi da na gwangwani. Ka ƙanƙance ido ka shimfiɗa dukkan inuwa lokaci ɗaya, ta jikin kaya da ta kan tebur, sannan ka shiga tsaka-tsaki. Baƙi mafi ƙarfi da fari mafi haske ka ajiye su kusa da juna a wurin da kake so a fara kallo. Santsin buta da laushin biredi su zo a ƙarshe. In da fenti ne, tsarin bai sauya ba, sai dai ka taƙaita a launi biyu ko uku.

Idan ka gama, ka jingine zanen a bango ka ja da baya taku biyar, ko ka dube shi ta madubi, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito. Ka rubuta kwanan wata a bayansa. In da gawayi ko 6B ka yi, ka rufe fuskarsa da wata takarda kafin ka mayar da shi cikin leda. Bayan mako biyu ka sake jera kayan nan, ka sauya ɓangaren da haske ke shigowa, ka zana su daga farko.